Bambar ƙarfe ta durƙusar min da gaban Hilux, wace iri zan sa a ƙera min?

Ɗan Nguroje ya rubuta:

Assalamu alaikum. Masu walda da direbobin daji da ke wannan zaure, ku zo ku fitar da ni.

Motata Hilux ce ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, fowil. Da ita nake shiga ƙauyukan Mambila sayen masara da wake, daga ɓangaren Mayo Ndaga har Dorofi, in fito da kaya Nguroje ko Gembu. Wanda ya san tsaunin nan da damina ya san abin da nake faɗa: jar laka mai santsi, rafi a gindin kowane tudu, mafi yawansu ba gada ba kwalbati. Ka gangara da hanci, ka tsallaka ruwa, sai ka tarar da gaɓa a tsaye tana jiranka.

Na sayi motar da bambar ƙarfe a jikinta, mai ita na farko ne ya sa aka ƙera masa. Wanda ya yi aikin bai tausaya wa ƙarfe ba. Faranti ne mai kaurin milimita 6 tun daga wannan gefe har wancan, ga bututu uku a sama, ga wani dogon ƙarfe a ƙasa da aka maƙala wa fitilun hazo. Makon jiya na sa yara suka kwance ta, muka ɗora a sikelin da nake auna buhu, ta ba da kilo 88.

Gaban motar ya durƙushe, ko ba kaya a baya kana ganinsa. Shakazoba ba ta daɗewa, tayoyin gaba suna cinyewa ta ciki. Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne wurin hawan gaɓa: kafin taya ta taɓa tudun, ƙarfen ƙasan nan ya riga ya soki ƙasa, sai mu fito da shebur muna sara. Sannan idan na ɗauko hawan nan daga Mayo Selbe da kaya, allurar zafi tana ɗagawa fiye da yadda nake so.

Ba zan iya yawo ba bamba ba, ga shanu ga hazo a hanyar nan. So nake a yi min mara nauyi, wadda ta ɗaga sama sosai. Wani abokina ya ce alminiyam kawai zan nema in huta. Gaskiya ne? In kuma ƙarfe ne, wane kauri? Ina kuma da niyyar sa winci, injin igiyar nan da ke janyo mota in ta maƙale, in Allah ya hore, to a bar masa wuri tun yanzu ko sai lokacin ya zo?

Baban Walda, Panteka, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Irin bambar nan taka na sha kwance ta a nan Kaduna. Mai mota ne kan zo ya ce shi dai a yi masa wadda ko tirela ta daka ba za ta lotsa ba, mai walda kuma ya ga ciniki, sai ya lafta ƙarfe.

Ƙarfin bamba ba a kauri yake ba, a lanƙwasa yake. Dubi kwanon rufi. In ka miƙe shi ya zama sumul, ko yaro zai naɗe shi, amma da ƴan tuddan nan nasa kafinta yake takawa a kai. To haka faranti. Milimita 3 da aka karya masa baki sama da ƙasa, aka ba shi kusurwa biyu ko uku a fuska, ya fi shimfiɗaɗɗen milimita 5 tsayuwa. Saboda haka ka nemi shagon da ke da injin lanƙwasa faranti. Wanda zai yanka gunduwa-gunduwa ya bi kowace kusurwa da walda zai ba ka abu mai nauyi, zafi ya murɗe shi, kuma ta bakin waldar zai fara tsagewa.

Ni in zan yi maka, kauri uku zan haɗa. Hannayen da za su kama shasi milimita 8, nan ne duk wani ƙarfi yake bi, nan ba a rowa. Gadon winci a tsakiya milimita 6, a zaunar da shi tsakanin ƙafafun shasi biyu, a ja shi baya iya yadda lagireto ya bari. Ka sa a yi shi tun yanzu ko da wincin bai zo ba, domin shi ne ƙashin bayan bambar, kuma ƙara shi daga baya sai an farke aikin duka. Sauran jiki da fukafukan gefe milimita 3 ya isa.

Fukafukan nan su ne sirrin tsallake gaɓa. Kada su sauko su rufe taya. A yanke su a karkace, daga tsakiya su haura sama zuwa ƙarƙashin fitila, yadda in ka tsaya a gaban motar za ka ga tayar gaba tun daga ƙasa har kusan samanta. Taya ce ya kamata ta fara gaisawa da tudu. Fitilun hazo kuma a huda musu gurbi a cikin jikin bambar, a daina rataye su a ƙasa.

Kafin a taɓa ƙarfe, a yi ta da kwali tukuna. Kwalin firji ko na talabijin, da almakashi da salatif. A manna a jikin motar, ka ja da baya ka duba, a karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe a ga ko taya za ta goga. Abin da bai yi ba a yanke a sake, kwali ba kuɗi ba ne. Sai kowa ya gamsu sannan a shimfiɗa shi a kan faranti a zana. A bar tazarar yatsa guda ko fiye tsakanin bamba da jikin mota, domin shasi da jiki ba tare suke motsi ba, a kan roba jikin yake zaune. In an matse su, ramin farko zai fasa maka fitila.

Abu biyu da ba na yarda da su a shagona. Na farko, walda a jikin shasi. A ɗaure da kusoshi a ramukan da kamfani ya riga ya huda, kuma ka duba kan kowace kusa da idonka, ka ga an buga 8.8 ko 10.9, lambar ƙarfinta ke nan. Wadda babu lamba a kanta, ta ƙofar gida ce. Na biyu, bututun ruwa mai farin shafe. Ba don ɗaukar duka aka yi shi ba, kuma hayaƙinsa a wurin walda yana kwantar da yaro da zazzaɓi.

Mai Lissafi ya amsa:

Baba ya gama magana a kan ƙira, ni lambobi kawai zan ɗora, don Alhaji ya riƙe su in ya je ciniki.

Farantin ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, kowane milimita na kaurinsa kilo 7.85 ne. Wato milimita 3 kilo 23.5, milimita 6 kilo 47, milimita 8 kusan kilo 63. Mu ɗauka jikin bambar in an baje shi zai kai tsawon mita 1.8 da faɗin santimita 35, a milimita 3 zai tashi kilo 15. Gadon winci, a ce santimita 60 da 30 a milimita 6, kilo 8 da rabi. Hannaye biyu, kilo 5. Jimla bai kai 30 ba. In ka ƙara baka guda na bututu mai faɗin milimita 48 don kare lagireto, kowace mita kilo 3 da rabi ce, mita biyu kilo 7. Ka tashi da kilo 35 ko 36 a maimakon 88.

Kuma 88 ɗin nan ba 88 ba ce a wurin sifirin. Bamba tana gaba da tayoyi, don haka tana danna gaba tana ɗaga baya. Tsakanin tayar gaba da ta baya a irin motarka mita 3.085 ne. In nauyin bambar yana santimita 80 gaba da tsakiyar taya, abin da ƙafar gaba take ji ya kai kilo 111, an kuma zare wa tayoyin baya kusan kilo 23, su da kake so su kama ƙasa a cikin laka. Da bamba mai kilo 35, gaba zai ji 44 ne kawai. Shi ya sa kowane santimita da aka ja bambar baya riba biyu ne, nauyi ya ragu a kan sifirin, hanci kuma ya gajarta.

Batun soke gaɓa, ga yadda za ka auna da kanka. Ka tsayar da motar a kan siminti, ka samo miƙaƙƙen katako, ka cusa bakinsa a gindin tayar gaba, ka ɗaga ɗaya bakin har ya taɓa wani abu a jikin motar. Abin da ya fara taɓawa shi ne mai hana ka hawa. Karkatar katakon kuma ita ce iyakar tsayuwar tudun da za ka tunkara, akwai manhajar auna kusurwa a waya, ɗora ta kawai za ka yi. Irin motarka tana fitowa daga kamfani da kusan digiri 30. Misali, in wurin da ya taɓa yana da tsayin santimita 45 daga ƙasa, nisansa daga gindin katakon kuma 80, wajen digiri 29 ke nan. Ɗaga shi zuwa 55, ka ja shi baya zuwa 70, ka samu 38. Santimita goma nan, goma can. Ina kyautata zaton da ƙarfen fitilun nan naka da durƙushewar gaba, kai yanzu kana ƙasa da abin da kamfani ya ba ka.

Sai dai kada a yi maka romon baka: bamba ba ta ƙara tazarar cikin mota da ƙasa. Wannan aikin taya ne. Abin da ke kama cikin motar a tsakiyar kwari zai ci gaba da kamawa.

Alminiyam kuwa, abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Nauyinsa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, kilo 2.7 a inda ƙarfe ke da 7.85. Amma taurinsa wajen ƙin lanƙwasa shi ma kashi ɗaya cikin uku ne, dole a ƙara kauri. Inda ƙarfe ke milimita 3, shi sai 5. Jikin nan mai kilo 15 zai dawo 8 da rabi. Hannaye da gadon winci kuwa gara su zauna a ƙarfe. To duk hidimar a kan kilo 6 ne da ɗoriya. Ga shi waldarsa sai da iskar agon da wanda ya iya, kuma nau'in 6061 da ake yabo yana rasa ƙarfi mai yawa a daidai inda wuta ta taɓa shi. Inda ya haɗu da ƙarfe kuma, in akwai danshi, yana cinyewa a hankali, Mambila kuwa ba ta rasa danshi.

Direban Agadas ya amsa:

Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni hanyata daban da taku, mu rairayi ne da duwatsun Ayar, hanyar Timiya da Iferwan, amma ciwon guda ne. Ƙoramun da munka saba tsallakawa gaɓarsu a tsaye take, kuma dutse ba ya sara da shebur.

Ina bayan Malam mai lissafi a kan alminiyam, amma dalilina ba na sikeli ba ne. Ka tambayi kanka, in ta tsage a ƙauye wa zai ɗinke maka? Ƙarfe ko mai gyaran amalanke ya taɓa maka shi ka iso gida. Alminiyam sai ka ɗaure da igiya ka nemi babban gari.

Inda na saɓa da ku shi ne winci. Alhaji, ka yi tunani da kyau. Ƙa'idar da aka sani ita ce ƙarfin winci ya kai nauyin mota da kayanta sau ɗaya da rabi. Taka da kaya ta doshi tan uku, ke nan sai mai jan tan huɗu da wani abu, wanda ake rubuta wa 9500, wato a ma'aunin fam. Irin wannan da igiyar ƙarfe yana kai kilo 35 zuwa 40. Ka ga abin da ka rage a bamba ka maido mafi yawansa. Mai igiyar zare ya fi sauƙi da kusan kilo goma, amma laka da yashi suna cin zaren in ba a wankewa. Sannan winci sai da abin ɗaurawa. Mu nan ba itace, shi ya sa ba mu damu da shi ba, faranti biyu na sawa ƙarƙashin taya da rage iska sun fi mana amfani. Ku can na ji ana cewa tuddan ciyawa ne, itace sai inda aka dasa. In babu abin kamawa kusa da rafin, wincin ado ne.

Abin da ba ni yarda a bari shi ne wurin ɗaura igiyar ja. Kunne biyu masu kauri, milimita 12 ko fiye, su fito kai tsaye daga hannun da ya kama shasi, a miƙe da shi, ramin ya isa shakul, wato zoben ƙarfe mai kusa da ake ɗaura igiya da shi, mai lambar tan 4.75 ya shiga. Kada a liƙa kunne a fatar milimita 3 don kyau. Ranar da babbar mota ta fizge ka daga laka, kunnen zai tsinke ya tashi da shakul ɗin, kuma mutane ne tsaye a wurin. Ƴan ƙananan zobban da ke ƙarƙashin wasu motoci ma na ɗaure mota a kan tirela ne, ba na fizga ba.

Zafin inji da ka ce, je ka tsuguna gaban motar ka duba. Motocin nan suna shan iska ta sama, suna kuma sha ta ƙasan lamba. Faranti shimfiɗe ya toshe ta ƙasan. A sabuwar a buɗe taga a wurin, a sa raga mai manyan idanu. Kuma kafin ka ɗora wa bamba laifin duka, ka sa a wanke lagireto daga baya zuwa gaba, laka tana bushewa a tsakanin haƙoransa.

Ɗan Nguroje ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Na gwada katakon da yamman nan, mun mayar da bambar da kusa biyu don gwajin. Ƙarfen fitilun ne ya fara taɓawa, waya ta nuna 24. Da muka sauke ta gaba ɗaya, gaban motar ya ɗan taso, amma bai koma daidai ba, ina jin sifirin ya riga ya gaji.

Maganar itace gaskiya ce, mutumin Agadas. Akwai itatuwan turare da aka daddasa a wasu wurare, amma ba a kowane rafi ba. Zan sa a yi gadon wincin in bar shi haka tukuna.

Saura abu ɗaya. Bakan bututun nan na sama, in bar shi ko in cire? Saboda shanu nake tunaninsa. Sannan motar tana da jakar iska a sitiyari, ban sani ba ko sabuwar bamba za ta hana ta aiki.

Maman Khalifa ta amsa:

Alhaji, ni ba direba ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, kuma na yi aiki a ɗakin da ake kawo waɗanda suka yi hatsari. Tunda kowa yana maganar shanu da gaɓa, bari in yi maganar mutum.

Wannan bamba ta daji asalinta Ostireliya ne, inda direba ke tafiyar ɗaruruwan kilomita ba gari, dabbar kangaru ta faɗo masa da dare. Kamfanin ARB da ake ganin tambarinsa a jikin motocin ƙungiyoyi a can aka kafa shi a 1975. Amma mutanen Ostireliya su kansu sun fitar da ma'auni a 2002 kan yadda za a ƙera ta don rage illa ga mai tafiya a ƙasa, Tarayyar Turai ma ta yi doka a kan haka a 2005. Dalili kuwa, bambar roba tana lotsawa ta shanye wani abu daga cikin bugun, mutum ya faɗa kan bonet. Ƙarfe ba ya shanye komai. In kuma ya karkato gaba, ƙarƙashin mota yake tura mutum. Bambar da aka ɗaga sama ta wuce gwiwar babba, a yaro kuwa daidai ƙirji ko kai take.

Motarka ba a daji kaɗai take yawo ba, tana ratsa kasuwar Nguroje ranar da ta ci, ga ƴan acaɓa ga yara masu talla. Ban ce kada ka sa ba. Amma a goge duk wani kaifi, kusurwoyi su zama masu zagaye, kada a bar ƙugiya ko kan kusa ya leƙo gaba, shakul kuma a cire shi a ajiye a mota sai ranar aiki. In za a yi bakan, ya kwanta baya ya bi siffar motar, kada ya wuce tsayin bonet.

Baban Walda, Panteka, ya sake amsawa:

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma duk abin da ta lissafa aikin giranda ne na rabin yini, ba ya ƙara kuɗi.

Alhaji, baka guda a tsakiya ya isa, faɗinsa daidai lagireto, ya karkata baya. Na gefe masu zagaye fitila ka bar su. In saniya ta bugi dogon bututu a can sama, ƙarfin ba ya tsayawa a bututun, murɗa hannayen yake yi, su kuma su murɗa bakin shasi. Ni kuma na fi so bamba ta lotse a kawo min in buga, da a ce shasi ya karkace. Fuffuken milimita 3 ana gyara shi da guduma, shasin da ya tafi kuwa mota ta dinga cin taya ke nan har a sayar da ita.

Jakar iska ba bamba take ji ba, tsayawar mota farat ɗaya take ji, akwai ƴan na'urorinta a gaba kusa da lagireto masu waya mai launin rawaya. Kada a cire su, kada a matsar da su, kada a yi walda batir yana haɗe. Manyan kamfanoni suna sa wani guntun ƙarfe mai naɗewa tsakanin bamba da shasi, kuma suna gwadawa da mota ta gaske kafin su ce ta dace da jakar iska. Mu a Panteka ba mu da wurin wannan gwaji, duk mai waldar da ya ce maka tasa ba ta canza komai ba, faɗa kawai yake yi. Abin da za mu iya shi ne mu bar bakin shasi yadda kamfani ya yi shi, kada mu cika shi da ƙarfe. Kai kuma ka riƙa ɗaura bel.

Sifirin kada ka saya yanzu. A gama bambar, a ɗaura, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin mudgad dama da hagu, sannan ka san irin wanda za ka nema, daga nan a yi alaimen. A ƙasa kuma a sa faranti milimita 3 ko 4 daga gindin bambar ya gangara baya ya rufe ƙasan lagireto, da kusoshinsa daban yadda za ka kwance ka wanke laka. A huda ƙananan ramuka a duk inda ruwa zai iya kwanciya a cikin bambar, a shafa jan fenti na hana tsatsa ciki da waje kafin baƙi. In ka sami kwalin, ɗauko hotonsa a jikin motar ta gaba da ta gefe, sitiyari a karye, ka sa mana a nan in duba kafin a yanka.